GYARA KO SAUYA INJI: MATSALAR MOTOCIN A-KORI-KURA A BATSARI DA SAFANA

A ƙasar Batsari da ta Safana, waɗanda ke gefen Dajin Rugu a yammacin Jihar Katsina, babu wani abin hawa da ya kai motar a-kori-kura amfani. Ita ce ke kwaso gero da dawa da wake da rogo daga garuruwa irin su Ruma da Wagini da Runka da Zakka zuwa kasuwa. Ita ke kai taki gona da faɗuwar damina, ita ke ɗauko mai naƙuda cikin dare zuwa asibiti. Tun kuma da fitinar 'yan bindiga ta yi ƙamari a wannan yanki, ita ce ta zama dokin sojoji da 'yan sanda da 'yan sintiri. Bisa ga ƙidayar 2006, Ƙaramar Hukumar Batsari tana da mutum fiye da 200,000, ta Safana kuwa fiye da 180,000, kuma akasarinsu manoma ne da makiyaya mazauna ƙauyukan da kwalta ba ta kai gare su ba. Saboda haka duk a-kori-kurar da ta kwanta, asararta ba ta tsayawa kan mai ita kaɗai.

Daga cikin cututtukan da ke kwantar da irin waɗannan motoci akwai wadda ba a cika jin maganarta ba sai a gareji, watau lalacewar sarƙar da kanikawa ke kira taimin cen. Sarƙa ce da mutum zai riƙe a hannu guda, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba in an gwada shi da kuɗin mota. Amma ranar da ta tsinke, ko ta tsallake haƙori, sai mai mota, ɗan kasuwa ne shi ko hukuma, ya tsaya gaban tambaya mai tsada: a sauke injin a gyara, ko kuwa a cire shi a sa wani? Yadda ake amsa wannan tambaya, da dalilin da ya sa ake yawan kaiwa gare ta, abu ne da ya kamata ma'aikatan gwamnati da ɗalibai su dube shi da idon basira, domin ya shafi yadda ake tattalin dukiyar jama'a.

AIKIN SARƘAR

A ƙasan inji akwai wani ƙarfe mai gwiwoyi da ake kira karanshaf, wanda fistin ke juyawa idan mai ya ƙone a cikin silinda. A sama kuma, ko a gefe in tsohon inji ne, akwai kamshaf, wanda aikinsa shi ne buɗe bawul da rufe su, watau ƙofofin da iska da mai ke shiga ta cikinsu, hayaƙi kuma ya fita. Sarƙar taimin ita ce ta haɗa ƙarafan nan biyu domin su riƙa tafiya daidai da juna: karanshaf ya juya sau biyu, kamshaf ya juya sau ɗaya. Idan inji yana juyi 3,000 a minti, kamar yadda yakan yi in mota tana ja da kaya, ke nan kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 25 a cikin daƙiƙa guda.

A yawancin injunan zamani, wurin da bawul ke sauka idan ya buɗe shi ne wurin da fistin ke isa idan ya hau. Abin da ya hana su karo shi ne ba su zuwa a lokaci ɗaya, kuma sarƙar ce ke tsare wannan lokaci. Da zarar ta tsinke, sai kamshaf ya tsaya cik, wasu bawul su rage a buɗe, alhali karanshaf yana ci gaba da juyawa. Fistin ya hau ya doke su. In an yi sa'a bawul ne kawai za su lanƙwashe. In ba a yi ba, kan bawul ya karye ya faɗa cikin silinda, ya huda fistin, ya karce bango, ya fasa top silinda. Duk wannan yakan auku kafin direba ya cire ƙafarsa daga kan totur.

Ba kowane inji ne ke da sarƙa ba. Wasu, kamar injin gas na 2KD da ke cikin tsofaffin motocin Toyota Hilux, da bel na roba suke aiki, kuma kamfanin ya yanke cewa a canja shi in ya yi kilomita 150,000. Injin fetur mai lita 2.7 kuwa, wanda ake kira 2TR, da aka fara ƙerawa a 2004, kuma shi ne aka fi gani a motocin Hilux na hukumomi a Nijeriya, sarƙa gare shi. Haka ma sababbin injunan gas da Toyota ta fito da su a 2015. Ita sarƙa ba a yanka mata ranar canji ba, domin an yi ta ne ta daɗe kamar yadda inji zai daɗe. A nan tarkon yake. Masu motoci da yawa sun ɗauka cewa tun da ba ta da ranar canji, ba ta bukatar kulawa, alhali sharaɗin daɗewarta shi ne ta riƙa samun baƙin mai mai kyau, mai tsabta, a kan kari.

ABIN DA KE CINYE TA

Sarƙar a cikin baƙin mai take gudu. Tana bin wasu sanduna masu fuskar roba da ke hana ta kaɗawa, akwai kuma wani ɗan matokari, wanda kanikawa ke kira ajasta, da ƙarfin baƙin mai ke turawa domin ya ɗaure ta tamau. Idan mai ya tsufa ya yi datti, sai ya koma kamar yashi a gaɓoɓin sarƙar, ya riƙa cin su kaɗan-kaɗan har ta ƙara tsawo. Idan ya yi kauri ya toshe ƙananan hanyoyinsa, ajasta ba zai sami ƙarfin turawa ba, sarƙar ta saki, ta riƙa dukan robobin har su farfashe. Masu tsohon injin Toyota 22R sun san ƙarshen wannan labari: sarƙar kan ci murfin da ke gabanta har ta huda hanyar ruwa, ruwan lagireto ya gauraya da baƙin mai.

Duk abin da ke saurin tsofar da baƙin mai akwai shi a Batsari da Safana. Da rani ga ƙurar hunturu da ta hanyoyin birji. Da bazara zafi kan wuce awo 40. Da damina ga laka da yashin rafuka, inda mota za ta daɗe tana nishi a giyar farko. Motar 'yan kasuwa takan ɗauki ninkin abin da aka yi ta dominsa, ga buhuna, ga fasinjoji a saman buhuna. Motar sintiri kuma tana da tata matsalar daban: takan shafe sa'o'i a shingen bincike injinta na aiki ita tana tsaye, mai na tsufa, amma agogon kilomita bai motsa ba. Masu ƙera motoci da kansu suna kiran irin wannan aiki mai tsanani, suna kuma ba da shawarar a riƙa yin juye da wuri, galibi kowane kilomita 5,000, tare da canja filta.

Bayan jinkirin juye akwai matsalar man jabu. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ta sha kama gurɓataccen baƙin mai a kasuwannin ƙasar nan, wanda wani lokaci tsohon mai ne aka tace aka zuba cikin galan mai sunan kamfani. Direban ƙauye da ke sayen man awo a kwalba a bakin tasha ba shi da hanyar sanin abin da ya zuba wa motarsa.

Duk da haka sarƙa ba ta tsinkewa ba tare da gargaɗi ba. Takan yi ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan an tayar da mota da safe, ƙarar ta ɗauke bayan 'yan daƙiƙoƙi. Daga baya ƙarar ta daina ɗaukewa. Mota ta rage ƙarfi, ta ƙara shan mai, fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, a ga ɓurɓushin ƙarfe ko na roba a cikin man da aka juye. A wannan mataki aikin yini ɗaya ko biyu ne. Bayan ta tsinke kuwa, magana ta koma ta makonni.

INDA ZA A FARA HUKUNCI

Kuskure na farko da akan yi idan mota ta mutu a hanya shi ne ci gaba da murza makulli, ko a tara jama'a su tura ta. In sarƙa ce ta tafi, kowane juyi ƙarin ɓarna ne. Abin da ya dace shi ne a ja ta zuwa gareji. Kuskure na biyu shi ne yanke hukunci kafin a buɗe. Bakanike mai gaskiya ba zai ce a gyara ko a sauya ba sai ya cire top silinda ya duba kan fistin da bangon silinda, ya kwance kaskon baƙin mai na ƙasa ya ga abin da ya taru a ciki, ya kuma duba metal na karanshaf.

Idan ɓarnar ta tsaya a sama, watau bawul sun lanƙwashe amma fistin da bango lafiya lau, gyara ya fi. Sai dai gyaran ya zama cikakke. A canja sarƙar tare da ƙafafunta masu haƙora da robobinta da ajasta gaba ɗaya, domin sabuwar sarƙa a kan cinyayyun haƙora ba ta kai ko'ina. A canja bawul ɗin da suka lalace, a kai top silinda wurin masu injin gyaran ƙarfe a auna ko ya karkace, a sa sabon gasket, a wanke matatar da famfon mai ke tsotsa ta cikinta, domin nan ne gutsattsarin roba ke maƙalewa su hana mai hawa. Amfanin wannan hanya shi ne mai mota ya san injinsa, ya san abin da aka sa masa sabo.

Idan kuwa fistin ya fashe, ko sandarsa ta lanƙwashe, ko bulok ya tsage, ko mota ta daɗe tana tafiya da ruwa cikin mai har metal ya cinye, to lissafi ya canja. A nan ne akan nufi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, wadda ke da tazarar kimanin kilomita 170 daga birnin Katsina, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, a nemo inji ɗan Beljiyam, watau wanda aka ciro daga wata mota a ƙasar waje. Wani lokaci rabin inji ma ya isa, na ƙasa ko na sama, gwargwadon inda ɓarnar take.

Ɗan Beljiyam yana da saurin ɗorawa, amma babu wanda ya san tarihinsa. Ba a san kilomita nawa ya yi ba, ba a san irin man da ya sha ba, kuma sarƙar da ke cikinsa tsohuwa ce kamar wadda ta tsinke. Garantin da mai shago ke bayarwa na 'yan kwanaki ne, na gwaji kawai. Bugu da ƙari, inji mai suna ɗaya yana iya bambanta a wayoyinsa da na'urorinsa bisa ga shekarar ƙira da ƙasar da aka yi shi dominta, har ya ƙi jituwa da kwamfutar motar. Saboda haka mai hankali yakan je da bakanikensa, a buɗe murfin sama a ga ko cikin injin ya yi baƙin kauri, a gwada ƙarfin matsin kowane silinda, sa'an nan a sa masa sabuwar sarƙa tun yana ƙasa, lokacin da aikin ya fi sauƙi da araha. Kada kuma a manta da gyara takardun mota, tun da lambar inji tana rubuce a cikinsu, kuma a yankin da shingayen bincike suka yi yawa, bambancin lamba kan jawo wa direba tuhuma.

Akwai dai abin da ke karkatar da hukuncin wanda ba na ƙarfe ba ne. Sauya inji ya fi sauƙi ga bakaniken da ba shi da kayan awo, yana kuma iya samun la'ada daga mai shago. Ga ma'aikacin da ke rubuta takardar neman kuɗi, sayen inji babban ciniki ne, kuma sau da yawa ba a tambayar inda tsohon ya shiga. Ga ɗan kasuwa kuwa, idan abin ya same shi da kaka, kowace ranar kasuwa da ta wuce motarsa na gareji asara ce, don haka yakan zaɓi abin da ya fi sauri ko da ya fi tsada. Ta haka ne akan jefar da injunan da bawul huɗu ko shida kawai suke bukata.

DAGA FIJO ZUWA BELJIYAM

Wannan matsala tana da tarihi. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, kuma shekaru masu yawa bayan haka a-kori-kura 404 da 504 su ne motocin kasuwannin ƙasar Katsina. Injinsu mai sauƙi ne: kamshaf a gefen bulok, gajeriyar sarƙa mai layi biyu, kafireto, babu kwamfuta. Bakaniken Dutsin-Ma ko na Batsari yana iya sauke shi a ƙarƙashin bishiya ya mayar. Kayan gyara kuma iri ɗaya ne a ko'ina, domin gwamnati da 'yan kasuwa mota guda suke hawa.

Shirin gyaran tattalin arziki na 1986, a zamanin Janar Ibrahim Babangida, ya karya darajar Naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi da ɗan kasuwa. Masana'antun harhaɗa motoci na Bauci da Kano da Ibadan da Legas suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Sai ƙasar ta koma ga motocin hannu da ake shigowa da su daga Turai, wanda shi ne asalin sunan Beljiyam, da yawa kuma ta tashar Kwatano. A tsakiyar shekarun 2000 aka daina harhaɗa 504 a Kaduna, a 2006 kuma gwamnati ta sayar da hannun jarinta a kamfanin.

Abin da ya maye gurbin Fijo ya fi ta ƙarfi da jimiri, amma ya fi ta tsantseni. Injin zamani yana da kamshaf biyu a sama, bawul 16, doguwar sarƙa, da na'urar da ke sauya lokacin buɗe bawul da ƙarfin baƙin mai. Yana bukatar mai na musamman, da na'urar karanta kwamfuta, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Koyon kanikanci kuwa, a yawancin garejin karkara, har yanzu da ido da kunne ake yinsa, kamar yadda maigida ya koya a kan 504. Motoci sun canja, horon masu gyaransu bai bi su ba.

TSADA DA NISA

A kan wannan sai ga tsadar 'yan shekarun nan. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da dama. A watan Yuni na 2023 aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Tun da sarƙa da bawul da gasket da shi kansa ɗan Beljiyam duk daga waje suke zuwa, farashinsu ya bi dala. Mai motar da kuɗin fetur ya cinye masa riba, abin da yake fara jinkirtawa shi ne juye, domin mota ba ta tsayawa a ranar da aka ƙi yi mata. Araha ba ta ado: kuɗin galan ɗaya da aka adana yau shi ne ke zama kuɗin inji baɗi.

Rashin tsaro ya ƙara nisanta waɗannan garuruwa da wuraren gyara. A ƙarshen watan Agusta na 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya kafa dokar da ta rufe wasu hanyoyi, ciki har da ta Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama har da na Batsari da Safana, ta kuma taƙaita sayar da man fetur. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, su ma suna ciki. A waɗannan watanni direban da motarsa ta mutu a daji ba shi da halin ko da kiran bakanike. An ɗage waɗannan matakai daga baya, amma sun nuna abin da ke nan tun asali: a hanyar da ta bi gefen Rugu, mutuwar mota ba ɓata lokaci ba ce kawai, tana iya zama sanadin rasa kaya, ko 'yanci, ko rai.

MOTOCIN HUKUMA

A watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha da matasa 1,466, waɗanda aka ɗauka daga ƙananan hukumomin da ke bakin daga, watau Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Ɗandume. An kuma sayi motocin sulke da motocin Hilux da ɗaruruwan babura domin aikin. Wannan yunƙuri abin yabo ne, kuma gwamnatocin da suka gabata, a Katsina da sauran jihohi, su ma sun sha raba wa jami'an tsaro irin waɗannan motoci. Tambayar da ya kamata a riƙa yi bayan kowane rabo ita ce: nawa ne daga cikinsu za su iya tashi bayan shekara uku?

Duk wanda ya saba shiga ofisoshin 'yan sanda da sakatariyoyin ƙananan hukumomi a ƙasar nan ya saba ganin motocin da ke ɗore a kan duwatsu, jikinsu bai tsufa ba, ciyawa ta fito ƙarƙashinsu. Dalilin yana cikin tsarin kasafi. Sayen mota yana shiga babin manyan ayyuka, ana yi masa biki, ana ɗaukar hoto. Baƙin mai da filta suna shiga babin harkokin yau da kullum, wanda shi ne ake fara zabtarewa in kuɗi sun yi ƙaranci. Har ila yau akwai rarrabuwar alhaki: jiha ce ta saya, hukumar tarayya ke tuƙawa, ƙaramar hukuma ke zuba fetur, direbobi kuma suna canjawa da canjin aiki. Idan sarƙa ta fara ƙara, kowa yana jin ta, amma babu wanda aka ɗora wa nauyin kai rahoto, balle wanda ke da ikon fitar da kuɗi a makon. Idan kuma mota ta kwanta ana jiran amincewa daga hedkwata, sai a ari batirinta, a ari tayoyinta, a ari alternetarta domin wata ta tashi, har ta zama ba ta gyaruwa.

A da, Ma'aikatar Ayyuka da hukumomin En'e suna da garejinsu da kanikawansu masu albashi. Kowace motar gwamnati tana da littafin da ake rubuta tafiyarta da man da ta sha da ranar sabis, kuma ba a yin gwanjonta sai kwamitin bincike ya duba ya sa hannu. Wannan tsari ya yi rauni sannu a hankali, musamman bayan da Gwamnatin Tarayya a 2003 ta mai da alawus ɗin motocin ma'aikata kuɗi, aka rage motocin ofis da masu kula da su. Motocin aiki, irin na sintiri da na asibiti da na malaman gona, ba su ragu ba, amma al'adar kula da su ta tafi.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Da fari, duk lokacin da za a sayi mota, a ware kuɗin kula da ita na shekara uku ko huɗu a cikin takarda ɗaya da kuɗin sayenta, yadda ba za a iya amincewa da ɗaya a bar ɗaya ba. Gara a sayi motoci tara masu kuɗin juye da a sayi goma marasa shi.

Na biyu, a maido da littafin mota, a ɗora alhakinsa kan mutum ɗaya mai suna. Ga motocin sintiri a riƙa lissafa sa'o'in da inji ya yi yana aiki, ko a yanke musu juye bisa watanni, tun da kilomita ba ta faɗin gaskiyar wahalarsu.

Na uku, kada a amince da sayen inji sai da rubutaccen rahoton abin da aka gani bayan an buɗe tsohon, kuma a mai da tsohon sito a rubuta shi. Wannan kaɗai ya isa ya raba injin da ya mutu da wanda aka kashe a takarda.

Na huɗu, a kafa gareji ɗaya mai cikakkun kayan awo kusa da bakin daga, alal misali a Dutsin-Ma, tare da motar ja da motar kanikawa mai zagayawa Safana da Batsari. Tun da yawancin motocin ƙira ɗaya ne, ana iya sayen baƙin mai da filta da sarƙa a dunƙule daga dillalan da kamfani ya amince da su, a ajiye.

Na biyar, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina, da ƙauyen koyar da sana'o'i na matasa, tare da ƙungiyar kanikawa ta NATA, suna iya shirya gajerun kwasa-kwasai ga kanikawan da ke kan aiki, a koya musu amfani da na'urar karanta kwamfuta da gwajin matsin silinda. Amfanin wannan zai kai ga 'yan kasuwa, waɗanda motocinsu suka fi na hukuma yawa. Su ma ƙungiyoyin direbobi a tashoshin Batsari da Safana suna iya yin adashi na musamman domin juye, su kuma haɗa kai su sayi mai daga tushe guda da suka yarda da shi.

A 2025 al'ummomin Batsari da Safana suna cikin waɗanda suka yi zaman sulhu da 'yan bindiga. Ko sulhu ya ɗore ko bai ɗore ba, bukatar mota mai lafiya ba za ta ragu ba. In an zauna lafiya, gonakin da aka bari za su koma noma, amfanin kuma sai an kwaso shi. In fitina ta dawo, ƙauyen da ya yi kiran gaggawa cikin dare ba ya tambayar motoci nawa aka raba a Katsina. Abin da ya dame shi shi ne ko wadda ke ofishin yankinsa za ta tashi. Saboda haka ya kamata shugabannin ƙananan hukumomin nan biyu, da ma'aikatar da ke kula da tsaron cikin gida ta jiha, su riƙa karɓar rahoto kowane wata na yawan motocin da ke kan hanya, da waɗanda ke gareji, da dalilin kwanciyar kowace ɗaya, da ranar da za ta fito. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba shugabanni ikon kula da amanar da ke hannunsu.